Janareta, iskar gas ko sola: wanne ya dace jami'a ta saya?

Tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a kullum, kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane yunit, jami'o'in Najeriya suke ta neman mafita. Kwamitin da aka ɗora wa sayen kayan wuta, kafin ya kira ɗan kwangila, ya kamata ya fara auna lokacin da aka fi shan wuta a makarantar, da rana ne ko da dare. Wannan ne zai raba gardama.

Janaretan dizal ya fi araha ranar saye, daga nan kuma kullum sai an zuba masa kuɗi. Kowace lita da ya ƙona tana sakin kimanin kilo 2.6 na iskar kabon, ga ƙara a bayan aji, ga man da kan yi ɓatan dabo tsakanin tanka da tanki. A bar shi don ko-ta-kwana, musamman a asibitin koyarwa.

Janareta mai aiki da iskar gas hayaƙinsa ya fi sauƙi, amma shi ma daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo makamashinsa. Jami'ar da bututu bai iso kusa da ita ba, sai dai a riƙa yi mata dakon gas a mota, kuma kuɗin dakon kan cinye ribar.

Sola ce ta fi dacewa da tsarin jami'a, domin lacca, aikin ofis, ɗakin gwaje-gwaje da famfon burtsatse duk da rana suke buƙatar wuta. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar megawat 7.1 a shekarar 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wutar lantarki a karkara, REA, kuma ita ma haɗin gambiza ce: farantan sola, batir da janareta.

Wurin batir ne kuɗi ke zurarewa. Batirin ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira tubula, yana da sauƙin kuɗi, sai dai ba a so a sha fiye da rabin cajinsa, yana neman ƙarin ruwa a kai a kai, kuma zafin bazara na rage masa kwana. Na litiyam tsada gare shi, amma ana iya shan kashi 80 cikin 100 na cajinsa, ya kuma daɗe ninkin-ba-ninkin. A ganina, ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakin karatu da ake raba dare a ciki su ne suka cancanci litiyam. Ginin da ake kullewa ƙarfe huɗu ba ya buƙatar tarin batir.

Sai a duba takardar kwangila da kyau. Wa zai riƙa wanke faranti in ƙurar hunturu ta rufe su? Shekara nawa garantin inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti da batir zuwa irin wadda kayan lantarki ke amfani da ita, kuma ana samun kayan gyaranta a Kano ko Kaduna? A sa sharaɗin horar da ma'aikatan sashen ayyuka da ɗaliban injiniya, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har tashar ta yi hunturu ɗaya tana aiki.