Gargaɗi: a yi hattara da masu tallar lambar tunawa da husufin rana

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, ta wata lamba mai kama da kwandala, wai an buga ta don tunawa da husufin ranar 2 ga Agusta, 2027. Fuska ɗaya hoton rana ce wata ya rufe ta, ɗaya fuskar kuma hasumiyar agogon Makka. Suna cewa azurfa ce zalla, oza guda, ƙwaya kaɗan aka buga, sai an biya kafin alƙalami a riƙe wa mutum tasa. Kada ku tura ko sisi.

Husufin dai gaskiya ne, kuma a nan suke kama mutane. A ranar, inuwar wata za ta bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, ta tsallaka ta rufe Jidda da Makka, ta wuce Yaman da Somaliya. Kusa da Luksor ta Masar duhun zai haura minti 6. Wanda ya ga na 29 ga Maris, 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, ya san abu ne da ba ya fita a rai. To ka duba intanet ka ga kwanan watan daidai ne, sai zuciyarka ta kwanta da sauran zancen, alhali sauran duk shaci-faɗi ne.

An kai ɗaya daga cikin waɗanda suka iso hannu wajen wani maƙerin farfaru. Ko magana bai yi ba, ya ɗora ta a sikelin gwal. Ozar da ake auna azurfa da ita giram 31.1 ce, wannan kuwa ba ta kai ba. Ya goga gefenta a dutsen gwaji, fatar sama ta zare, jan tagulla ya leƙo daga ciki. Ruwan azurfa ne kawai aka shafa mata. Lambar 999 da aka zana a jikinta kuwa, mai nuna azurfa ce zalla, duk mai injin bugawa zai iya zana ta, haka ma takardar shaidar da ke cikin kwalin: babu sunan kamfanin da ya buga, babu adireshi, sai tambari mai ƙyalli.

Wasu suna gwadawa da mayen ƙarfe. Yana da amfani, domin azurfa ba ta manne masa, amma tagulla ma ba ta mannewa, don haka shi kaɗai bai isa hujja ba. Nauyi da gogawa su ne abin dogaro. Sai kuma farashi: in kuɗin da aka yanka ya gaza farashin ozar azurfa a kasuwa, ai zance ya ƙare, babu ɗan kasuwar da zai saya da tsada ya sayar da asara don yana ƙaunarka.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu haɗawa da addini, wai lambar tana da albarka tunda husufin zai ratsa Harami. Abin da aka koya mana in rana ko wata ya yi husufi shi ne salla, addu'a da sadaka. Malam, ina ruwan tagulla da wannan?

Yin lambar tunawa ba laifi ba ne. Wanda ya ce maka tagulla ce mai ruwan azurfa, ya sayar maka a kuɗin tagulla, ciniki ya halatta. Mai cewa azurfa ce, ka ce a haɗu a gaban maƙeri, a auna, a goga, sannan ka biya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ajiye rasit da hotunan hirarsu, ya garzaya bankinsa da lambar asusun da ya tura wa tun kafin a kwashe kuɗin, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko hukumar EFCC mai yaƙi da zambar kuɗi.