Gargaɗi kan mai sayar da 'ya'yan mesa "masu kallon sama"

Jama'a, assalamu alaikum. Da ɓacin rai nake wannan rubutu, saboda abin da aka yi wa ƙanena a nan Birnin Kebbi, kuma ba na so a sake yi wa ɗan wani.

Akwai wani mutum da ke tallar 'ya'yan mesa a WhatsApp da TikTok. Ba babbar mesar dawa ba, ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda Turawa ke kiwo a gida. Cewa yake daga Jamhuriyar Benin ake kawo masa su. Gaskiya ne Benin da Togo da Gana ne kan gaba wajen fitar da irin wannan mesa zuwa Turai da Amurka, kuma da wannan gaskiyar yake lulluɓe ƙaryarsa.

A bidiyon da yake turawa za ka ga 'yar mesar ta ɗaga kai, ta lanƙwasa wuya baya, ta ƙura wa sama ido, kan yana rawa. Sai ya ce ai wannan ita ce "mai kallon sama", ba a cika samunta ba, tana jawo arziki, kuɗinta ninki biyu. Ƙanena yaro ne mai son dabbobi, tun yana firamare yake da tattabaru da zomaye. Ya tura kafin alƙalami, ya cika sauran, aka aiko ta tasha cikin bokitin fenti a but ɗin mota, a tsakiyar zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Ranar da na fara ganinta raina bai kwanta ba. An ba ta ɓera, ta kai sara ta kuskure, ta murɗe kamar igiya. Ta faɗi rigingine, ta daɗe tana fama ba ta iya juyowa ba. Na ce, "Kai, wannan ba lafiya ba ce." Ya ce, "Yaya, ai haka irinsu suke, mai su ya faɗa mini."

Likitan dabbobi da muka nuna wa bidiyon ne ya warware mana. Lafiyayyen maciji kan ɗaga kai ya leƙa, ya sauke ya wuce abinsa, kuma da ka kifar da shi nan take zai juyo. Wanda ya ƙage yana kallon sama, ko kansa ke karkarwa, ƙwaƙwalwa ko jijiyoyinsa ne suka taɓu. Zafi mai tsanani na jawo haka, gubar maganin ƙwari ma haka. Akwai wata cuta ta ƙwayar bairos da ke kama mesa, ba ta da magani, tana kuma yaɗuwa zuwa sauran macizai. Akwai kuma wani launi da masu kiwo a waje suka samar, mai zane kamar saƙar gizo-gizo, wanda ake haifa da rawar kai har mutuwa. Ko wanne ne a ciki, ciwo ne aka sayar wa yaron nan da sunan baiwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne damfara ta biyu. Da ƙanena ya kira mai sayarwar ya ce ta daina ci, ga wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana kamar ƙuma a gefen idonta, sai ya ce a ƙaro kuɗin magani. Ya aiko da wani ruwa a kwalba babu suna, ya ce kuma a fesa fiya-fiya a akwatinta. Fiya-fiya a kan dabbar da jijiyarta ta riga ta lalace! Allah ya sa mun riga mun ji bayanin likita, ba a fesa ba. Duk da haka ba ta yi sati biyu ba ta mutu. Da aka nemi mutumin, ya toshe lambar yaron, ya canza sunan shafinsa.

Mesar nan idan tana da lafiya takan yi shekara 20 zuwa 30. Cinikinta tsakanin ƙasashe ma sai da takardar izini, domin tana ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke sa ido kan cinikin namun daji, kuma Najeriya na da dokar kare namun daji masu fuskantar barazana tun 1985. Mun tambayi mai sayarwar takarda tun farko, ya yi ta kwana-kwana.

Don Allah kada ku tura wa kowa kuɗi kan dabbar da ba ku gani ido da ido ba. Wanda ya riga ya saya ya ga irin wannan motsi, ko baki a buɗe da kumfa, ya ware ta, ya ajiye ta a inuwa da ruwa mai tsabta, ya nemi likitan dabbobi. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, don macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, kuma a hana ƙananan yara kusantarta.

Mu dai mun adana shaidar tura kuɗin da saƙonninsa na murya, mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Duk wanda mutumin nan ya cuta, kada ya goge komai a wayarsa, ya je ya kai tasa ƙarar.