Murfi ne ya tare iskar duniya, ko jan ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce tunda sararin samaniya fayau yake babu iska, me ya hana shi zuƙe wadda muke shaƙa? Kuma masu cewa duniya a shimfiɗe take sun faɗa maka iska ba ta zama sai cikin mazubi, saboda haka dole akwai ƙubba a kanmu. Bari mu aza maganganun biyu a faifai.

In murfi ne kaɗai ya tare ta, je wurin mai faci ka gani. Ya sa geji a taya, ko bakin tayar na sama ko na ƙasa, awo ɗaya zai ba ka. Iskar da bango ya tsare haka take, matsinta ɗaya ne ko'ina.

In kuwa jan ƙasa ne, wato ƙarfin da duniya ke jawo komai zuwa gare ta da shi, to iska tana da nauyi, ta sama na danne ta ƙasa kamar buhunan auduga da aka jibge a sito, na ƙasa ya fi kowanne matsuwa. Ke nan duk hawan da ka yi, matsin zai ragu. Abin da awo ya nuna ke nan. A 1648 Blaise Pascal ya tura mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da bututun zaiba na auna matsin iska, zaibar ta sauka kusan santimita 8, alamar matsin ya ragu. A bakin teku iska na danna kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita, a tsayin mita 5,500 saura rabi, a ƙololuwar Everest kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda kunnensa ya taɓa toshewa a Hawan Kibo kan hanyar Jos ya ɗanɗana kaɗan. Ni dai har yau ban ji mai ƙubba ya ba da amsar wannan raguwa ba.

Batun zuƙa kuma, wofi ba ya zuƙar komai, iska ce ke turawa. Can sama ta riga ta sirance har babu sauran abin turawa. Kafin abu ya kuɓuce wa duniya sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa, ƙwayoyin iskarmu kuwa wajen rabin kilomita suke yi. Masu sauƙin nauyi irin su haidurojin da hiliyam suna sulalewa kaɗan-kaɗan, wannan gaskiya ne. Shi kuwa wata, da gudun kilomita 2.4 a daƙiƙa ya isa a tsere masa, bai iya riƙe iskar kirki ba.