Ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai: Centaur, Contessa 26 ko Catalina 22?

Wanda zai sayi doki, turke yake fara tanada. Haka ma jirgin da za ka riƙa fita da shi teku ranar Asabar ka dawo Lahadi. A gaɓar kudancin Ingila, kuɗin ajiye tsohon jirgi mai tsawon ƙafa 26 a marina na shekara ɗaya kan kai kuɗin jirgin kansa, wani lokacin har ya ɗara. Marina a nan ba irin ta Ƙofar Mata ba ce, tasha ce da ake ɗaure jirage a biya haya. Masauki mai rahusa yana cikin mashigai irin na Chichester, inda teku ke janyewa sau biyu a rana ta bar jirgi a kan taɓo. Saboda haka kafin ka dubi fenti ko kujeru, duƙa ka dubi kil, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙarƙashin jirgi yana hana iska kifar da shi.

Westerly Centaur kil biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe. Ruwa na janyewa sai ya zauna daram kamar tukunya a kan murhu. Kamfanin zane na Laurent Giles ne ya tsara shi, aka ƙera sama da 2,400 tsakanin 1969 da 1980, don haka ba a wahalar samun kayan gyaransa ko wanda ya san ciwonsa. Ƙafa uku kacal yake nitsewa. Ciki kuwa mutum zai miƙe tsaye ba tare da ya buga kai ba, ga makewayi mai ƙofa, ga wurin kwanan mutum biyar ko shida in za a matsu. Mai iyali ya san darajar wannan ranar da ruwan sama ya tsare su yini guda a ciki. Aibinsa biyu ne. Ba ya son tafiya yana fuskantar iska, har masu tsere na yi masa ba'a cewa ɗaki ne aka ɗora wa filafilai. Na biyun ya fi tsanani: shekarun zama a taɓo suna gajiyar da wurin da kil ɗin ya haɗu da jiki. Ɗaga katakon daɓen ciki, haska tocila a kan notocin. In ka ga tsaga ko jan ruwan tsatsa, tambayi ko an taɓa ƙarfafa wurin, a kuma nuna maka takarda.

Contessa 26 shi ne kyakkyawan cikinsu, ba musu. Jeremy Rogers ya fara ƙera shi a Lymington a tsakiyar shekarun 1960, bisa fasalin wani ƙaramin jirgi na ƙasar Suwidin mai suna Folkboat. Kil ɗinsa guda ne dogo, yana nitsewa ƙafa huɗu, yana yanka igiyar ruwa ba gargada. Da irinsa Tania Aebi ta kewaya duniya daga 1985 zuwa 1987, tana da shekara 18 lokacin da ta tashi. Amma kai ba duniya za ka kewaya ba, tsibirin Wight za ka je ka sha shayi. A cikinsa sai a sunkuye, feshin ruwa yana jiƙa mai tuƙi, ba ya iya tsayuwa da kansa in ruwa ya janye, kuma ja da baya da inji a matsattsiyar marina abin tara 'yan kallo ne. Na mutum ɗaya ne ko biyu da tuƙin kansa ya dame su fiye da barci.

Catalina 22 ya fi yawa a Amurka, inda Frank Butler ya fito da shi a 1969. Yawancinsu kil ɗinsu ana naɗe shi sama, a ɗora jirgin a tirela a kai shi gida, haya ta faɗi ke nan. Sai dai ka sami mota mai ƙarfin ja, ka kuma yarda da ɗaga jigon filafilai da sauke shi duk fita. Na ruwa mai kwanciya ne da kusa da gaɓa.

Ni dai Centaur zan nuna wa mai farawa da yara. Ko wanne ka zaɓa, araha ba ta ado. Sabon injin dizal zai iya fin jirgin tsada, don haka ka ce a tayar da shi a gabanka yana sanyi, ka taɓa shi da hannu tukuna ko an riga an ɗumama shi. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigo ana sauya su kusan duk shekara goma, kamfanonin inshora ma sukan nemi rasit. Ƙurajen da ke fitowa a jikin faiba, wato abin nan mai kama da roba da ake ƙera jikin jirgin da shi, ba kasafai suke nutsar da jirgi ba, amma hujja ce ta neman ragi. Sannan ka biya ƙwararren mai duba jirage da kuɗinka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, a fito da jirgin tudu ya ƙwanƙwasa shi daga gaba har baya kafin ka ba da ko sisi.