Zobban Talley Lightweight a kan bindigar farauta: inda suke riƙewa da inda suke saki

Maharbin da ke hawa duwatsun Alaska ko Montana neman tumakin dawa da manyan bareyi yana lissafin kowane gram da zai rataya a kafaɗa, shi ya sa mazaunin madubin hange marar nauyi ya samu kasuwa a Amurka. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Talley Lightweight, na kamfanin Talley Manufacturing da ke garin Santee a jihar South Carolina. Asalin fasalinsa na Melvin Forbes ne, maƙerin nan na West Virginia da ya yi suna wajen ƙera bindigogin Ultra Light Arms masu sauƙin ɗauka.

Tsarinsa ba shi da wata ƙumbiya-ƙumbiya. A tsohon salo akwai gindi da ake ɗaurewa a bayan bindiga, sannan a ɗora zobe a kansa, wato mahaɗa biyu ke nan. A nan kuwa gindin da rabin zoben na ƙasa abu ɗaya ne, an yanko su daga alminiyam mai ƙwari. Galibi noti biyu ne ke ɗaure kowane zobe kai tsaye a jikin bindiga, sai murfin sama ya danne bututun madubin. Zobban biyu masu faɗin inci ɗaya nauyinsu yana wajen gram 60 zuwa 70, alhali gindi da zobban baƙin ƙarfe sukan ninka haka sau biyu ko uku, domin nauyin alminiyam kusan sulusin na ƙarfe ne. Rage mahaɗa ɗaya riba ce ta gaske: duk inda babu mahaɗa, babu abin da zai yi sako-sako.

A kan bindigogi irin su Remington 700 ko Tikka T3x Lite, da harsashi matsakaici kamar .243, .270, .308 ko 6.5 Creedmoor, da madubin da bai wuce gram 450 ba, waɗannan zobba suna riƙe saiti shekara da shekaru idan an ɗaura su yadda ya kamata. Wannan hukunci ne da za a iya tsayawa a kansa. Matsalar tana farawa ne idan aka fita daga wannan iyaka, kuma yawancin masu saye ba su san akwai iyakar ba.

Idan aka ja kunama, bindiga tana zabura baya, shi kuma madubi yana son ya tsaya inda yake. Saboda haka a zahiri madubin gaba yake neman zamewa a cikin zobba, yana kuma jan zobban gaba tare da shi. Ƙarfin wannan ja ya dogara da abu biyu: nauyin madubi da saurin zaburar bindiga. Bindiga marar nauyi ta fi saurin zabura. To ga inda mutane ke cutar kansu: a sayi bindigar .300 Winchester Magnum mai nauyin kilo uku ko ƙasa da haka, a ɗora mata madubi mai bututun milimita 30 da ya doshi gram 800, sannan a ce zobba masu gram 65 su riƙe. Murfin waɗannan zobba siriri ne, fuskar da ke taɓa bututu ba ta da faɗi sosai, kuma babu wani haƙori da ke shiga jikin bindiga ya tokare. Duk bugun yana ƙarewa ne a kan matsin notuna huɗu ƙanana. A Remington 700 na yau da kullum notunan 6-48 ne, kaurinsu milimita 3.5 kacal. Muddin suna matse, gogayyar gindin da jikin bindiga ce ke ɗaukar bugun. Da zarar ɗaya ya ɗan saki, notin da kansa ya koma tokara, yau a buge shi, gobe a buge shi, har ramin ya buɗe ko kan notin ya guntule. Wannan ne dalilin da maƙera ke faɗaɗa ramukan su koma na notuna 8-40, waɗanda suka fi kauri, a kan bindigogi masu bugu da ƙarfi.

Motsin da ake magana ba abin da ido zai gani ba ne. Idan tazarar zobba biyu milimita 100 ce, ɗayansu ya goce da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kaurin takardar rubutu, harsashi zai kauce da santimita 10 a nisan mita 100, santimita 30 a mita 300. Dabba ta tafi da rauni ke nan.

Ƙorafin da aka fi yi a kan waɗannan zobba shi ne tsagewar murfi a gefen ramin noti. Yana faruwa, kuma galibi hannun mai ɗauri ne sila. Ƙa'idar kamfanin ita ce notunan murfi a matse su tsakanin inci-fam (ma'aunin ƙarfin murɗa noti) 17 zuwa 20, kimanin mita-niyuton 2, na gindi kuwa 20 zuwa 25. Wannan matsi kaɗan ne ƙwarai, yatsu uku a kan ƙaramin makulli sun isa su wuce shi. Mutum yakan ga akwai 'yar tazara tsakanin murfi da gindi, ya ɗauka sai ta rufe, ya ci gaba da murɗawa. Ba a yi tazarar don ta rufe ba. Idan aka tilasta, kunnen murfin yana tanƙwara, ya yi 'yar tsaga da ba a gani, sai bayan harbi da yawa ta buɗe. Alminiyam ba ya yafe irin wannan kamar yadda ƙarfe ke yi. Wani lokacin ma kafin murfi ya tsage an riga an matse bututun madubin har kayan cikinsa sun daina tafiya daidai, a zo ana zagin madubi alhali ba laifinsa ba ne. Sai dai gaskiya ita ce mazaunin da ba ya jure ɗan kuskuren hannu yana da nakasu, ko da kuskuren na mai shi ne.

Ɗaurin da ke ɗorewa yana farawa ne da wanke maiƙo. Sabbin notuna da ramukan bindiga suna zuwa da mai, a goge su tas da asiton ko sifirit, har da cikin zobba da bututun madubi. Daga nan a gwada kowane notin gindi shi kaɗai, a matse shi a ga ko gindin ya kama. Wannan gwaji na da muhimmanci a ramin can gaba, domin a bindigogi da yawa yana saman tiredin bututun bindiga ne. Idan notin ya yi tsawo sai ya tokare a ƙasa, a ji kamar ya matsu alhali bai danne komai ba. Wanda ya yi tsawo a sauran ramukan kuma yakan leƙa ciki ya riƙe sakatar bindiga. A rage shi da zarto mai laushi. Sai ɗigo ɗaya na shuɗin Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, mai lamba 242 ko 243, a notunan gindi, ba ja ba, domin ja sai da wuta yake kwancewa. Game da sa shi a notunan murfi ra'ayi ya rabu, amma abin da ya tabbata shi ne ruwan gam yana sa tiredi santsi, matsi ya fi abin da sifana mai awon ƙarfi ta nuna. Wanda zai sa, ya tsaya a inci-fam 17. A matse hagu da dama bi da bi, tazarar gefe biyu ta zama daidai, kuma da sifana mai awon ƙarfi irin Wheeler FAT Wrench, ba da kintace ba.

Akwai abin da ba laifin zobba ba ne amma su ke shan zargi. Saman bindigogin da ake ƙerawa da yawa ba kullum yake miƙe ba, musamman waɗanda aka goge da hannu, kuma ramukan kan ɗan karkace. Tunda zobban biyu ne daban-daban, kowanne yana bin karkatar inda ya zauna, sai bututun madubi ya shiga cikin tanƙwara. A duba da sandunan awo masu tsini kafin a ɗora madubi. Idan tsinin bai haɗu ba, shimfiɗa ɗan gam mai ƙarfi irin na ifoksi a ƙarƙashin gindin ya fi goge cikin zobba, domin gugar tana cinye baƙar fatar da ke kare alminiyam, tana kuma rage tazarar murfi. Bayan an gama, a ɗiga jan farce a kan kowane noti da kuma inda bututu ya haɗu da zobe. Kallo ɗaya zai nuna ko wani abu ya motsa.

Wani ƙaramin cikas: ramukan bindiga ne ke yanke inda zobba za su zauna, don haka madubi mai gajeren bututu a kan bindiga mai doguwar sakata yakan ƙi zuwa daidai ido. Kamfanin yana da samfuri mai miƙon gaba saboda haka, a auna kafin a saya. Ba su kuma dace da mai yawan cire madubi yana mayarwa ba, tunda notunan gindi suna ƙarƙashin bututu ne, sai an kwance komai an sake saiti.

Wanda madubinsa ya yi nauyi, ko bindigarsa magnum ce, ko yana yawo inda faɗuwa a kan dutse ba abin mamaki ba ce, gara ya ɗauki ƙarin gram 100 ya sa layin Picatinny, wato dogon gindi mai tsaga-tsaga da zobba ke kamawa, da aka liƙa da gam ko aka kafe da fil, da zobba masu faɗi waɗanda ke da haƙorin tokara a ƙasa. Mai Tikka yana da hanya mafi sauƙi: saman bindigar na da kwarmin da zobe ke kamawa kai tsaye da ramin fil na tare bugu, kuma zobban Sportsmatch ko Optilock na kamfanin Sako suna amfani da su. DNZ Game Reaper, wanda zobbansa biyu ke haɗe a jiki ɗaya, yana rage matsalar karkata, amma shi ma a kan notunan nan ƙanana yake zaune, kuma yana ɗan rufe bakin da ake zuba harsashi.