Rediyon tsofaffin waƙoƙin coci da na saya wa Mama

A wani shago kusa da Tsohuwar Kasuwar Gombe na saye ta: 'yar rediyo mai caji, an sa mata memori cike da waƙoƙin sujada na dā cikin Hausa. Mama na Kaltungo, idonta ya daina ganin ƙananan haruffan littafin waƙoƙi, shi ya sa.

Sautin ba laifi. Muryoyin mawaƙan sun fito tas, babu kiɗan kibod da ke danne kalmomi, kuma caji ɗaya yana kai ta yini guda. Madannan manya ne, tsohuwa na iya lalubawa. Amma in ka ƙure ƙara, lasifikar sai ta fara karkarwa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne waƙoƙin lamba kawai suke da ita, babu sunan marubuci ko ɗaya. Alhali da yawansu fassara ce daga waƙoƙin mutane irin su Fanny Crosby ta Amurka, wadda ta makance tun tana jaririya, ta rubuta waƙoƙi sama da 8,000, ta rasu a 1915 tana da shekara 94. Ko Philip Bliss, wanda hatsarin jirgin ƙasa ya kashe a jihar Ohio ta Amurka a 1876. Da na ba Mama labarin Crosby cewa ta yi, "Ashe 'yar'uwata ce, ɗana."

Mai shagon ya gwada min ita kafin in biya, ya kuma ce in memorin ya lalace in dawo ya sake loda min kyauta. Wayar cajin dai gajera ce, ku tanadi wata.