Faifan Fever Ray na farko, kamar yadda na ji shi a zaman jego

Na daɗe ina jin muryar nan ban san mai ita ba. Maigidana mabiyin shirin Vikings ne, wanda aka fara haskawa a 2013, kuma duk kashin da zai kalla sai an buɗe shi da wata waƙa mai nauyi, ana nuna mutum yana nitsewa a cikin ruwa. Ni a zatona wani dattijo ne mai kaurin murya ke rerawa. Sai da na yi haihuwa ta biyu, na koma gidanmu wankan jego, barci ya ƙaurace wa idona, sannan waƙar ta faɗo mini a rai na neme ta a waya. A nan na tarar ashe mace ce, Karin Dreijer 'yar ƙasar Suwidin, kuma waƙar ita ce ta farko cikin goma da ke kan faifan da ta fitar a 2009 da sunan Fever Ray.

Kafin wannan faifai, Karin tare take kiɗa da ƙaninta Olof a ƙungiyarsu ta mutum biyu, The Knife, wadda suka kafa a 1999. Faifansu na 2006, Silent Shout, shi ya ƙara ɗaga sunansu a wajen Suwidin. Bayansa ne suka ɗan dakata, ta yi haihuwa ta biyu, ta zauna ta tsara waƙoƙinta ita kaɗai, daga baya Christoffer Berg da wasu mutum biyu da ke aiki da sunan Van Rivers da The Subliminal Kid suka taya ta gyaran sauti. Kamfaninsu na gida ita da Olof, Rabid Records, shi ya fitar da faifan. Ta faɗa a hirarraki cewa cikin rashin barci na renon jariri aka haifi yawancin waƙoƙin. Da na ga wannan sai na ajiye wayar na ɗan yi shiru, domin tun kafin in karanta jikina ya riga ya ba ni haka.

Kusan duk kiɗan na na'ura ne, irin abin da 'yan situdiyo a nan suke kira fiyano, sai dai ba a yi amfani da shi don rawa ba. An ja sautin ƙasa ƙasa, an rage masa sauri, har ka ji kamar janareton maƙwabta ne ke gurnani daga bayan katanga. Waƙar farko, "If I Had a Heart", ma'ana da a ce ina da zuciya, ba ta da ganga ta kirki. Amo ɗaya ne ke zagayawa yana dawowa, ba ya hawa ba ya sauka, sai muryar da aka matse da na'ura ta koma ta namiji. Daga tsakiya sai muryarta ta ainihi, siririya, ta hau saman waccan. Mutum ɗaya ce ke amsa wa kanta da murya biyu. Duk macen da ta taɓa tashi sau huɗu a dare ɗaya ta san waɗannan muryoyi: akwai wadda kike lallashin yaro da ita, akwai kuma wata a can cikin ƙirji wadda ba ki bari kowa ya ji.

Yadda nake saurare shi ne, kunne ɗaya da iyafis, ɗayan a buɗe saboda motsin jaririya. Fitila a kashe, sai hasken waya. Ɗakin yana ƙamshin man zafi da turaren wuta, kofin kunun kanwa da na kasa shanyewa yana gefen gado ya yi sanyi ya kama fata a sama. A irin wannan lokaci na fara jin "Concrete Walls", ta shida, kuma har yau ita ce ta fi taɓa ni. Ita ce mafi jan ƙafa a faifan, muryar ta yi ƙasa sosai kamar kaset ɗin da batirinsa ya kusa ƙarewa. Maganar mace ce da ke zaune tsakanin bangayen siminti da ɗa a hannu, ta bar talabijin da rediyo a kunne don dai a ji wani motsi a gidan. Babu kuka a ciki, babu ƙorafi, gajiya ce zalla. Ni a gidanmu ba ni da kaɗaici irin nata. Inna na nan, ƙannena na nan, 'yan barka na shiga suna fita har la'asar. Amma da ƙarfe ukun dare duk sun yi barci, ni da jaririya ne kawai a farke a duniya, kuma a wannan sa'a bambancin Kano da Stockholm, babban birnin Suwidin, bai kai yadda nake zato ba. Su can a watan Disamba hasken rana awa shida ne kacal, sauran duk duhu. Ina jin wannan dogon dare a cikin kiɗan.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda baitocin ba su yi nisa da cikin gida ba. Wanda ya ga hoton bangon faifan, baƙi da fari, ko bidiyon waƙar farko da Andreas Nilsson ya shirya, mai yara a cikin kwale-kwale da gawarwaki a wani gida, zai ɗauka maganar fatalwa za a yi daga farko har ƙarshe. Sai ga "Seven" tana ba da labarin ƙawar da aka sani tun ana shekara bakwai, ana hira da ita kan soyayya da sabulun injin wanke kwanuka a numfashi ɗaya. Haka hirar mata take, wallahi, daga zancen zuciya a faɗa zancen omo ba tare da an ji an sauya hanya ba. "When I Grow Up" kuwa babbar mace ce ke lissafa abin da za ta zama idan ta girma, tana son aikin gandun daji, tana son zama kusa da teku. Na saurare ta ina riƙe da 'yar kwana goma sha tara, na tuna takardun neman ƙarin karatu da na cike na bari a cikin akwati shekara uku da suka wuce.

Wata rana da hantsi na kuskura na sa faifan a lasifikar waya ina ninke kayan jaririya. Inna ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, mene ne wannan kamar ana kiran aljanu? Mai jego ba ta jin irin wannan." Na ce, "Inna, wata ce ita ma take reno, ta kasa barci." Ta tsaya jim, ta ce, "To Allah ya ba ta lafiya, amma kashe." Na kashe. Kuma ban ga laifinta ba, don a lasifikar waya duk amon ƙasan nan ɓacewa yake, sai muryar ta rage tsirara, abin tsoro. Wanda zai ji wannan faifai ya nemi abin kunne mai kyau, in ba haka ba rabin aikin ya wuce shi bai sani ba.

Akwai inda faifan ya gajiyar da ni. Tsawonsa wajen minti 48 ne, kuma kusan duk waƙoƙin tafiya ɗaya suke yi. Daga ta bakwai zuwa ta takwas nakan rasa inda wata ta ƙare wata ta fara. "Now's the Only Time I Know" na ji ta ya fi sau ashirin amma in aka ce in rera karinta yanzu ba zan iya ba. "Triangle Walks" ta ɗan buɗe taga da wasu 'yan sautuka masu kama da bugun ƙarfe da kukan tsuntsaye, sai dai ba a daɗe ba aka sake rufewa. Ta ƙarshe, "Coconut", kusan minti bakwai ce, kuma sai an yi nisa kafin murya ta shigo. A daren da hankalina ke kwance nakan bi ta har ƙarshe. A daren da jaririya ke ciwon ciki, ba na iya jiranta. Wanda ya san The Knife ya zo neman kiɗan da zai motsa jiki, ba zai samu a nan ba sai ɗan abin da ke cikin "I'm Not Done".

Amma ta tara ta biya duk wannan. "Keep the Streets Empty for Me", wato a bar mini tituna babu kowa, tare da Cecilia Nordlund suka yi ta, kuma a nan an bar muryoyin kusan yadda Allah ya yi su. Akwai wani sauti mai kama da sarewa da ke ratsawa a hankali, kamar iskar asuba ta shigo ta ƙasan ƙofa. Sau da yawa ita nake kaiwa daidai lokacin da jaririya ta saki nono, bakinta a buɗe, hannunta ya yi laushi ya zame daga rigata. Sai in cire iyafis ɗin, don na san kiran assalatu ya kusa.

Karin ta ƙara fitar da wasu faya-fayai biyu, Plunge a 2017 da Radical Romantics a 2023. Na gwada su, sun fi wannan zafi da hayaniya, ban zauna da su ba. Yanzu na yi arba'in na koma ɗakina, yarinyar ta fara yin awa biyar a jere ba ta farka ba, kuma da rana hannuna ba ya kai wa ga faifan ko kaɗan. Ƙanwata ce ke da ciki wata takwas. Na tura mata waƙa ta shida da ta tara, na ce kada ta buɗe yanzu, ta bari sai ta sauka lafiya, kuma kada ta sa a gaban Inna.